Darasi na 7: Yadda Fim Zai Tafi Sumul a Kwamfutar Falo

Ka haɗa kwamfuta da talabijin, iyali sun zauna, fim ya fara. Can sai hoto ya riƙa tsayawa, baki na motsi daban, murya na fita daban. Da yawa sukan ce kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, su je su sayi mai tsada. Sau tari ba nan gizo ke saƙar ba.

Fim a matse yake zuwa, kwamfuta ce ke warware shi. Hanyoyin matsewar da aka fi sani su ne H.264 da HEVC da AV1. In sashen hoto na kwamfutar, wato ɓangaren da ke sarrafa abin da ke fitowa a allo, ya san hanyar, aikin ba ya yi masa wuya. In bai sani ba, nauyin ya koma kan ƙwaƙwalwarta, ta yi zafi, fanka ta yi ta gurnani. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka tambayi abin da sashen hoton ke iya warwarewa. Na kamfanin Intel daga zubi na 7 zuwa sama suna warware HEVC mai 4K, wato hoto mai tsananin tsabta, AV1 kuwa sai daga zubi na 11. RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, mai gigabait 8 ya isa.

Kada ka raina wayar HDMI, wadda ke haɗa kwamfuta da talabijin. HDMI 1.4 hoto 30 kacal take kaiwa a daƙiƙa idan 4K ne, HDMI 2.0 kuma 60. Kafar kwamfuta da ta talabijin da wayar kanta, dole su dace da juna.

Ga inda nake so ka natsu. Yawancin finafinai hoto 24 suke nunawa a daƙiƙa, kwamfuta kuwa takan aika wa talabijin 60. Ka raba 60 gida 24, ba zai rabu daidai ba. Sai a nuna wannan hoton sau 3, na bayansa sau 2. Ka lura lokacin da kyamara ke juyawa a hankali a kan tsaunuka, za ka ga hoton na ɗingishi. Gyaran kyauta ne. A manhajar kallon fim ta Kodi, shiga saitin kunna bidiyo, ka kunna zaɓin da ke daidaita saurin allo da na fim. A manhajar VLC kuma ka tabbata an bar wa sashen hoto aikin warwarewa.

In daga intanet kake kallo, jona kebul ɗin intanet ya fi Wi-Fi tabbas.

Aikin gida: duba bayan talabijin ɗinka, ka ƙirga kafofin HDMI, ka rubuta abin da ke jikin kowace.