An gyara waya, sabis ya gudu: ta ina za a fara?

Wayar da ta shiga hannun mai gyara da sabis ɗinta cike, ta fito babu ko sanda ɗaya, kusan kullum akwai abin da aka cire a cikinta ba a mayar da shi daidai ba. Gyaran waya ne sana'ata a Kano, kuma abin da nake fara gaya wa duk wanda ya kawo min irin wannan shi ne kada ya yarda a yi mata filashin, wato a sake loda mata manhajarta, kada kuma ya goge ta gaba ɗaya. Canjin sikirin, batir ko bakin caji aikin hannu ne, bai taɓa manhajar da ke ciki ba. In ka goge, hotunanka da lambobinka kawai za ka rasa, sabis ɗin yana nan inda ya maƙale.

Kafin ka hau adaidaita ka koma shagon da faɗa, fara wanke layinka daga zargi. Cire sim ɗin ka saka a wata wayar da ka san lafiyarta ƙalau, ka kuma ɗauki sim ɗin wani kamfani ka saka a taka. In naka ya ƙi aiki a can ma, ba ruwan mai gyara. Wataƙila sim ɗin ya tsufa, ko kuma an rufe layin saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba, tunda wa'adin ƙarshe da hukumar sadarwa ta NCC ta bayar ya cika tun 14 ga Satumban 2024. Wannan ofishin kamfanin layin ne maganinsa. In kuwa sim ɗinka ya kawo sabis a wayar wani, na wani kuma ya mutu a taka, to matsalar tana cikin wayar. Mai sim biyu ya gwada gidan sim na ɗaya da na biyu daban-daban.

Sai ka karanta abin da wayar ke rubutawa a sama, domin ba duka ɗaya ba ne. "No SIM" na nufin ba ta ma san an saka mata sim ba. A nan gidan sim ake dubawa: ko an tura tiren a karkace ya lanƙwasa ƙananan haƙoran da ke taɓa sim ɗin, ko kuma a wayoyin da gidan sim yake kan allon ƙasa, wato ƙaramin allon kayan lantarki da ke cikin wayar, ba a danna igiyar da ta haɗa shi da babban allo sosai ba. "Emergency calls only" kuwa tana ganin ƙarfen sabis na wani kamfani, amma ba ta samu shiga na layinka ba. "No service" ko "Searching" da ba ya ƙarewa, shi ne wanda ya fi nuna eriya.

Masu iPhone 'yan kwatano, ku tsaya nan. Wasu an kawo su a kulle kan kamfanin layi na Amurka ko Ingila, ana shimfiɗa wani ɗan siririn cif a tare da sim ne suke karɓar layukanmu. Da yawa ba su ma san wayarsu na da shi ba. Mai gyara yakan zare tire kafin ya buɗe waya, cif ɗin nan sai ya zame ya faɗi kan tebur ba wanda ya lura. Tambayi wanda ya sayar maka ko mai cif ce.

Yanzu danna *#06# kamar za ka kira wani. Lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar kanta, ce za ta fito, lambobi 15, guda biyu in wayar mai sim biyu ce. Gwada ta da wadda ke jikin kwali. In ta fito daidai, ka yi hamdala, ɓangaren da ke magana da kamfanin layi yana raye. In ta fito babu komai, ko "null", ko "Invalid IMEI", magana ta canza. Za ka iya ƙara tabbatarwa a Settings: a Android ka nemi Baseband version a cikin About phone, a iPhone kuma Modem Firmware a cikin General, About. In wajen ya zama fayau ko an rubuta "unknown", to ko dai an yi wa wayar filashin da fayil ɗin da ba nata ba, ko zafin iskar na'urar narke dalma ya taɓa cif ɗin sabis.

Mu ɗauka IMEI na nan, wanda shi ne ya fi yawa. Kunna alamar jirgi na ɗan lokaci ka kashe. Ka shiga wajen zaɓen kamfanin layi, ka cire shi daga kan kai-tsaye, ka bar wayar ta nemo da kanta. In ta jero maka MTN, Airtel da Glo, kunnenta yana ji. In ta yi ta juyi ta dawo hannu rabbana a tsakiyar gari, eriyar ta yanke. Ka kuma mayar da ita kan 2G zalla ka gani. Wayar da ke kama 2G amma 4G ya ƙi, ko take kawo sabis a tsakar gida ya ɗauke da zarar ka shiga ɗaki, tana nuna maka siginar na shigowa amma ta raunana a hanya.

Sandunan da ke saman sikirin ba abin dogaro ba ne, kowane kamfani da yadda yake zana nasa. Lamba ta fi gaskiya. A Android tana cikin SIM status, an rubuta ta da dBm, ma'aunin ƙarfin sigina, da alamar ragi a gabanta. A iPhone sai ka danna *3001#12345#* ka kira. Wajen -80 sabis ne mai kyau, -110 kuwa yana gab da mutuwa. Ajiye wayarka kusa da wata mai layin kamfani ɗaya, duka a kan 4G. In waccan na nuna -85 taka na -108, ɗauki hoton duka biyun. Da wannan za ka koma, ba da "tun da ka taɓa ta ta lalace" ba.

Ga abin da ke ciki, don ka san me za ka ce a duba. A yawancin wayoyin Android da muke riƙewa, Tecno, Infinix, itel, Redmi da ƙananan Samsung, babban allo yana sama kusa da kyamara, ƙaramin allo mai bakin caji yana ƙasa, batir a tsakaninsu. Babbar eriya galibi a ƙasa take. Abin da ya haɗa ta da sama wata siririyar waya ce, fara ko baƙa ko shuɗiya, tana kwance a wani ɗan kwari a gefen batir. Kowane ƙarshenta yana da kan ƙarfe zagayayye da bai wuce ƙwayar dawa ba, ana ɗora shi a kan mazauninsa a danna, sai ka ji ya yi ƙas a yatsanka. Duk wanda zai canza sikirin mai firam ko allon caji sai ya cire ta. Mayarwar ce ake samun akasi. Wani ya manta da ita ɗungurum. Wani ya ɗora a karkace ya danna da ƙarfi, bakin ya murƙushe, ana ganinsa kamar ya zauna alhali yana lilo. Wani kuma bai kwantar da ita cikin kwarinta ba, murfi ya datse ta ko noti ya huda ta. Akwai wanda yake ɓamɓarar kan da ƙarfi har mazaunin ya taso daga allo, wannan sai an yi masa dalma a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu.

Na biyu a yawan laifi shi ne allon cajin da aka saka. Ana sayar da su kala-kala a Farm Center da titin Beirut, kuma mai araha yakan yi caji lafiya lau, amma in ka ajiye shi kusa da na asali za ka ga guraben ƙananan kayan da ke kusa da mazaunin eriya ba komai a kansu. Shi ya sa ni in bakin caji ne kawai ya ci, na fi son in canza bakin a kan allon asali. Ya fi cin lokaci, amma sabis ba ya taɓuwa. Ka riƙa karɓar tsohon kayanka bayan gyara. In ana zargin sabon allo, mayar da tsohon na minti biyar ya isa ya raba gardama.

Sai kuma abin da ake rainawa: noti da baƙar robar da ke rufe allo. Waɗancan zane-zanen da kake gani a jikin robar, ko a rufin sifika na ƙasa, eriya ce aka shimfiɗa. Wasu ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa a kan allo ne ke tokare ta, kuma noti ne ke matse su su haɗu. Yaron shago ya ɗaura huɗu ya bar uku a faranti, waya ta rufu tsaf, sabis ya ragu rabi. A iPhone da sauran masu gefen ƙarfe, gefen kansa eriya ne, don haka wanda aka canza wa gida gaba ɗaya ya sa wannan a lissafi. Notin iPhone kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo in ya shiga ramin gajere yana iya cin allon da ke ƙasansa.

Ka koma da wuri, kuma wajen wanda ya yi aikin, kafin wani ya buɗe ta a rasa wa za a kama. Ba sai da hayaniya ba. Ka ce, "Malam, duba min wayar eriya da allon ƙasa, ga abin da na gwada." Ka tsaya a buɗe a gabanka, a saka sim a ga sabis kafin a shafa gam a rufe murfi. In hannunsa bai kai kan allo ba, ko duk abin nan an duba lafiya amma wayar na nuna sanduna kira ba ya fita, aikin ya zama na mai gyaran allo da ke da madubi da na'urar awo. Wayar da ke cikin garanti kuma cibiyar kamfaninta za a kai, irin Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, ko da yake buɗewar da aka yi a waje na iya sa su ce sai ka biya.

In ta tabbata IMEI ce ta goge, kwafe duk abin da ke wayar tukuna, ka tafi da kwalinta ko rasit. Lambar da ke jikin kwalin ita kaɗai za a mayar. Wanda ya ce zai rubuta maka wata daban, karɓi wayarka ka ƙara gaba, domin ba ka san ta wayar wa aka kwaso ba.