Kurakuran da muke yi wajen buga bulo mai kumfa

Salamu alaikum jama'a, tun da na fara buga bulo mai kumfa, wato wanda ake haɗa kwaɓin simintinsa da kumfa dan ya rage nauyi, a nan Aboabo cikin Kumasi samari ke zuwa suna tambayata wai me ya sa nasu yake lotsewa, toh bari in faɗa muku abin da na gani da idona.

Babbar matsalar dai kumfar ce kanta. Mutum ya kaɗa sabulun wanke kwano a bokiti yace ai ya samu kumfa, wallahi wannan ba ta bulo bace, idanunta manya ne kuma tana haɗuwa da siminti sai su yi ta fashewa, kafin la'asar kaga abin da ka cika mol (mazubin buga bulo) da shi ya sauka. Ni kaina buhu 3 na siminti na yi asara a haka kuma har yau abin na min ciwo. Ka nemi maganin kumfa na ainihi ka bi da shi ta inji mai kwamfuresa, ka cika bokiti ka kife, in ta tsaya cak kamar kumfar aski bata zubo ba to ta yi.

Sai yashi, dan Allah a tankaɗe shi, tsakuwa nutsewa take ƙasan mol ta bar sama ba ƙwari. Kuma siminti da yashi da ruwa ake fara damawa har su yi sumul, kumfa ce ƙarshe, a juya a hankali, in ka bar miksa tana ta gudu iskar da ka sha wahalar sawa duk zata fice.

Wanda ya fi damuna shi ne aiki da ido ba sikeli. Ka samu bokiti mai lita 10 ka cika da kwaɓin ka ɗora a sikeli, ka cire nauyin bokitin, in ka ga kilo 10 to kwaɓinka kilo 1000 ne a kowace kubik mita, kowane zubi ka auna, in ba haka ba na safe daban na yamma daban, birkila yazo yana ta faɗa da kai. Mai sauƙi sosai irin na kilo 400 zuwa 600 kuwa na tare zafi ne, kar ka sake ka ɗora masa dakin, wato rufin kankare.

Wasu kuma suna ganin farin bulon nan na waje su ce irinsa zasu yi a tsakar gida, wancan garin alminiyam ake sa masa ya kumbura sannan a dafa shi a tukunyar tururi, a Suwidin aka ƙirƙiro shi, aikin masana'anta ne.

Kar ka cire mol kafin ya kwana, da hunturu kuwa ka lulluɓe da leda kana yayyafa ruwa har kwana 7, in mai saye ya matsa maka kace masa sai kwana 28 siminti ke kama ƙarfinsa sosai.