Yadda zaka gwada tayar gem ɗin tserenka da kanka

Kowane kamfanin gem cewa yake tayarsa ce tafi kama da ta gaske, to kar ka tsaya jin talla, ga yadda zaka gwada. Da Assetto Corsa Competizione zan yi misali, na kamfanin Kunos na Italiya wanda ya fito a 2019, saboda motocin GT3 ne, wato wani ajin motocin tsere, masu tayar kamfanin Pirelli kuma yana nuna maka iska da zafin kowace taya a allo, amma gwajin zai yi maka aiki a wasu gem ɗin tsere kamar iRacing ko rFactor 2.

Zaɓi filin tseren Monza na Italiya, kai kaɗai, busasshiyar kwalta. Lura da yadda motar ke riƙe ƙasa a zagayen farko sannan ka kwatanta da na uku ko na huɗu. In duk ɗaya ka ji, wannan gem ɗin ba ruwansa da zafin taya.

Sai iska. Duk direban da ya taɓa kai wa mai faci taya da rana tsaka ya san geji na hawa in taya ta ɗau zafi, nan ma haka ne. Tun gyaran da suka yi wa gem ɗin a 2023 abin da ake nema shi ne psi (ma'aunin iskar taya) 26 zuwa 27 bayan taya ta yi zafi, ba a gareji ba. Ka yi zagaye uku, ka duba, in ka ga 25.6 ka koma ka ƙara abin da ya rage. Kuma a Monza manyan kwanonin, Curva Grande da Lesmo biyu da Parabolica, duk dama ake karyawa, don haka tayoyin hagu su ke shan wahala, dole su fi na dama zafi. In lambobin huɗu suka fito iri ɗaya akwai ƙarya a ciki.

Yanzu babban gwajin, wanda ni a ganina shi ne ke raba gem na gaske da na wasan yara. Taya bata bada cikakken riƙonta sai ta ɗan fara zamewa, wato inda ta nufa da inda take tafiya sun ɗan saɓa da 'yan digiri kaɗan, robar na murɗewa a inda ta taɓa kwalta. Wani injiniya ɗan Holan, Hans Pacejka, ya fitar da lissafin wannan abu tun shekarun 1980 kuma gem da yawa a kansa suka ginu, su iRacing da rFactor 2 kuwa ƙoƙari suke su lissafa yadda robar da jikin tayar ke lanƙwasa da kansu. Shiga Parabolica, riƙe totur waje ɗaya, ka dinga ƙara sitiyari a hankali a hankali. Zai yi ta nauyi a hannunka, can sai ka ji ya ɗan saki alhali motar bata riga ta tafi ba, to wannan sakin shi ne gargaɗin, in ka ƙara kaɗan gaban zai wuce waje. Abin da ke biyo baya nan ne gem ɗin suka fi bambanta, wani zai barka ka kamo motar, wani kuwa da ta zame shikenan, kuma 'yan iRacing sun daɗe suna ƙorafin wannan.

Gwajin birki ba wuya. Kashe ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ka danne birki har taya ta ƙame ta ja ƙasa. Waje ɗaya a jikin tayar zai cinye, daga nan kuma ya kamata sitiyari ya dinga karkarwa a miƙaƙƙiyar hanya har sai ka canja taya.

Amma fa duk wannan da sitiyari ake yi, ko da G29 na kamfanin Logitech ne. Da pad, wato abin buga gem na riƙewa a hannu, gem ɗin na tace maka motsin hannu, rabin abin ba zaka ji ba. Kuma kar ka ƙure ƙarfin sitiyarin a saiti don ka ji daɗin nauyi, in ya kai maƙura komai nauyi ɗaya zai zama, wancan ɗan sakin ya ɓace. Rage shi har sai ka ji bambanci tsakanin shiga kwana da tsakiyarta, sannan ka sake gwajin Parabolica.