Yadda Sabon Direba Zai Ƙara wa Motar Gudu Ƙarfi Ba Tare da Ganganci Ba

Mu ɗauki Toyota 86 a matsayin misali, motar da Toyota da Subaru suka haɗa hannu suka fitar a 2012, wadda Subaru ke sayarwa da sunan BRZ. Injinta lita 2 ne, ƙarfinsa kusan doki 200, nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Da yawa daga masu sayenta ba sa daɗewa sai su fara cewa ba ta da ƙarfi, su shiga neman turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, da gangan kamfanin ya sanya mata tayoyi marasa faɗi, irin Michelin Primacy da ake gani a wasu motocin Toyota Prius, domin bayanta ya riƙa zamewa tun gudu bai yi yawa ba. Wanda ya ɗora ƙarin doki 80 a kan waɗannan tayoyi alhali hannunsa bai faɗa ba, ya tsokano abin da ya fi ƙarfinsa.

Saboda haka aikin farko ba a gareji yake ba. Ka tuƙa motar yadda ta zo na tsawon watanni, har ka ratsa damina guda da ita, domin halin mota mai turawa da baya ba ya bayyana sai kwalta ta jiƙe. Idan ka taka totur a tsakiyar kwana, bayanta zai fara fita waje, kuma abin da sabon direba ke yi a firgice shi ne ya ɗage ƙafa gaba ɗaya ko ya danne birki, wanda hakan kan sa motar ta juya ta fuskanci inda ta fito. Ana koyon riƙe wannan ne a fili killatacce tare da wanda ya iya, ba a titin unguwa da dare ba. Kusa da giya akwai maɓallin kashe na'urar da ke hana zamewa. A titi, kada ka taɓa shi ko da abokai sun zuga ka.

Kuɗin farko da za ka kashe, taya za su tafi. Dukkan ƙarfin injin da na birki suna ratsawa ne ta wurare huɗu da kowannensu bai fi tafin hannu girma sosai ba. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, kuma tayar da ta tsufa robarta ta ƙeƙashe ko da zanenta bai cinye ba. Daga nan sai birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya yana ninka huɗu, wato tsayawa daga kilomita 120 a awa tana cin ninki huɗu na tsayawa daga 60. Ka sa fatar birki mai jure zafi, ka zubar da tsohon man birki ka zuba sabo mai lamba DOT 4, wanda ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 na Celsius yana sabo. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk bayan shekara biyu. Idan ya tafasa, za ka taka birki ya nutse har ƙasa kamar soso.

Idan motar ta hannu ce, wato wani ya riga ya yi amfani da ita, bakanike ya auna matsin kowane silinda, ya duba filogi da lagireto, a canza baƙin mai. A ƙasa mai zafi, na'urar sanyaya baƙin mai ta fi salansa mai ƙara amfani nesa ba kusa ba, domin salansar yawanci hayaniya take ƙarawa.

Sai yanzu maganar ƙarfi, kuma a hankali. Injin 86 yana da wani rauni da aka san shi da shi: tsakanin juyi 3,000 zuwa 4,500 a minti sai ka ji jansa ya yi sanyi. Canza bututun hayaƙi na bakin injin tare da sake saita kwamfutarsa yana cike wannan gurbi. Ƙarin ba ya kaiwa doki 30, amma a ganina ya ishi sabon hannu na shekara guda cur. A nan ne kuma ake lalata injina. Matsin wannan injin, wato yadda fistin ke danne iska da fetur a cikin silinda, 12.5 ne bisa 1, don haka yana son fetur mai yawan octane, lambar da ke nuna jurewar fetur ga matsi, kuma saitin da aka sauke daga intanet, wanda aka tsara don fetur mai lamba 98 na Turai, zai sa injin ya riƙa ƙwanƙwasa a kan fetur mai ƙasa da haka har fistin ya tsage. A yi saitin a kan na'urar auna ƙarfi, da irin man da kake sha kullum a tanki.

Turbo ko supercharger, wanda shi ma iska yake tura wa inji, na iya kai motar wajen doki 280, amma yana jan sabon kuloci da ƙarin sanyaya, kuma sandunan fistin na asali ba sa yafe kuskuren saiti. Ka jinkirta shi. Duk abin da za ka canza, ka yi guda ɗaya, ka tuƙa makonni kafin na gaba, domin idan matsala ta taso ka san daga ina ta fito.

Ka sanar da kamfanin inshora duk gyaran da ka yi. A Ingila, ɓoye shi na iya soke inshorar gaba ɗaya. A Najeriya kuwa iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanya ta expressway kilomita 100 ce a awa, ko doki nawa ke ƙarƙashin bonet. Kayan asali da aka cire ka adana su a kwali, kuma ka sa mai saitin ya ajiye maka kwafin saitin kamfani kafin ya taɓa komai.