Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa regileta da altanetar ƙaramin jirgin sama

Ƙananan jiragen da ke sauka Birnin Kebbi, har da masu feshin jan-baki a fadamun shinkafa, suna shan zafi da ƙura. Da caji ya fara wasa sai a ɗora laifi a kan regileta, na'urar da ke daidaita wutar da altaneta (janaretar da ke cajin batir) ke bayarwa, alhali sau da yawa waya ce ta lalace.

Babban kuskure shi ne saye da ido. Regileta iri biyu ce: nau'in B yana tura wuta zuwa fil ɗin altaneta (naɗin wayar da ke samar da maganaɗisu a cikinta), nau'in A kuma yana sarrafa fil ta ɓangaren da ke komawa jikin jirgi. In aka haɗa wanda bai dace ba, caji ba zai zo ba. Injin Rotax 912 ma daban yake, janaretarsa ta maganaɗisu ce, ba ta da fil, kuma regiletarsa tana buƙatar kafasita (ƙaramar ma'ajiyar wuta) mai maikrofarad 22,000. A bi lambar da ke littafin jirgin, a tabbatar tsarin na volt 14 ne ko 28. Ta mota kuwa, ko ta yi kama, kada a kusance ta.

Sai tsohuwar waya. In allurar amita (ma'aunin caji) tana rawa, ko fitilun gaban matuƙi suna ƙyaftawa, a bi hanyar fil tun daga bireka (mai katse wuta in ta yi yawa) mai amp 5, zuwa makunni, zuwa regileta. Bakin waya da ya yi kore ko makunnin da ya lalace yana rage wutar da regileta ke gani, sai ta ɗauka batir bai cika ba, ta ƙara caji har ya tafasa. A kunna wuta, a auna kowane mahaɗi da mita, a sauya wanda ke cin wuta. Haka wayar da ke haɗa regileta da jikin jirgi: a kankare fenti, a ɗaure tam.

Kafin a sa sabuwa, a auna fil ɗin altanetar. A tsarin volt 14, yawanci ohm 3 zuwa 6 ake samu. In ya yi ƙasa sosai, zai ƙone sabuwar kamar yadda ya ƙone tsohuwar.

Wasu suna cire na'urar da ke katse fil in wuta ta haura volt 16 a tsarin volt 14, wai tana yawan katsewa. Wannan ganganci ne, domin ita ke kare rediyo da batir. A nemo abin da ke sa ta katsewa.

Kada a ɗaura regileta kusa da salansa; zafin bazarar Kebbi kaɗai yana wuce digiri 40. Bayan an gama, a tada inji, a kunna fitilu, a ga volt 13.8 zuwa 14.2 in tsarin na volt 14 ne, sannan injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya sa hannu.