Yadda zaka tsara tafiya Badagry daga Kano kaga teku da idonka

Mu ƴan Kano da yawanmu babban ruwan da muka taɓa gani bai wuce dam ɗin Tiga ko na Challawa ba, shi yasa duk wanda naji zai shiga Legas saro kaya ko wani aiki sai nace masa don Allah ya ware ko kwana ɗaya ne ya ƙarasa Badagry, garin nan na bakin teku dake daf da bodar Seme ta ƙasar Benin. Ga yadda nake ganin ya kamata ayi tafiyar.

Da farko ka zaɓi lokaci. Kar kaje da damina, ruwan Legas a watan Yuni sai ya wuni yana zuba, daga Nuwamba zuwa Fabrairu yafi. In da hali ka hau jirgi daga filin Malam Aminu Kano, wajen awa ɗaya da rabi kana Ikeja, in babu kuma ga manyan motocin Sabon Gari nan sai dai ka shirya kwana a hanya. Daga tashar Mile 2 dake cikin Legas zaka hau motar Badagry, ku wuce Alaba Rago inda ƴan uwanmu suke kasuwanci, ku wuce Okoko da Agbara. Ana idar da asuba ka fito saboda gosulo, kuma katin ɗan ƙasarka ya zama yana aljihu don hanyar boda ce, shingen kwastan da ƴan sanda da imigireshin ba iyaka.

Kana isa kar ka zarce bakin ruwa, fara da cikin gari tun rana bata yi zafi ba, kuma ka ɗauki ɗan rakiya ɗan garin amma ku gama ciniki kafin ku fara tafiya. Badagry tashar cinikin bayi ce a da, daga nan ake loda mutane a jirgin ruwa a kaisu ƙasashe irinsu Birazil. A gidan tarihin iyalan Mobee zasu miƙo maka sarƙar da ake sawa bawa a wuya, ni da na ɗaga ta da hannu biyu wallahi sai da jikina yayi sanyi, ƙarfe ne baƙi mai nauyi, ga wata ƴar ƙarama a gefe wai ta yara ce. Daga nan sai gidan Seriki Abass wanda ya rasu a 1919, shi kansa an taɓa sayar dashi bawa kafin ya dawo ya shiga cinikin, ɗakunan da ake tsare mutane a ciki basu fi shagon ɗinki ba, da ƴar taga guda can sama, masu gidan suna cewa mutum arba'in ake zubawa a kowane ɗaya. Ka shiga ka tsaya minti ɗaya kawai kaji yadda numfashi yake.

Akwai kuma benen da turawan mishan suka gama a 1845, shi suke kira bene na farko a Najeriya, duk da hasumiyar Gobarau ta Katsina ta girme shi nesa ba kusa ba, amma dai ka hau ka gani. Wani abu da ya shafe mu, baturen nan Clapperton daga Badagry ya taso a ƙarshen 1825 ya ratso ƙasar Yarbawa har ya iso Kano a 1826, ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. Kaga tafiyar da ya kwashe watanni yana yi kai kayi ta cikin kwana guda.

Sai tsallakawa tsibirin Gberefu. Kwale-kwale mai inji zaka hau ƴan mintuna ne, amma in basu baka rigar ruwa ba kar ka shiga, ka jira wani. In kun sauka akwai tafiyar ƙafa cikin yashi, hanyar da ake kora bayi kenan, zaka wuce wata tsohuwar rijiya da ake cewa ana shayar dasu ruwanta don su manta gida, kana cikin tafiya zaka fara jin ruri kamar hadari na tasowa alhali gari garau, sai kawai ka ɓullo kaga ruwa iya ganinka ba gaɓa a ɗaya ɓangaren. Wajen suke cewa inda in an wuce ba dawowa. Ni dai tasbihi na kama yi.

Da la'asar sai ka huta a Suntan Beach, ka sha ruwan ɗanyar kwakwa da za'a fasa a gabanka, kaci gasasshen kifi, yara su hau doki. In da iyali kaje, ka zaɓi ranar aiki, Asabar da Lahadi kiɗa ne da cinkoso da shaye-shaye ba lallai ku sake ba.

Wannan kuma ka riƙe shi da kyau, teku ba kududdufi bane. Ko kai gwanin ninƙaya ne a Tiga kar ka wuce iya gwiwa, igiyar ruwan in ta bugo zata koma sai ta janye yashin ƙarƙashin ƙafarka, kar ka juya mata baya garin ɗaukar hoto, kar ka saki hannun yaro ko na daƙiƙa ɗaya. Ruwan gishiri yana kashe waya nan take, ka saka ta a leda. Alwala kuwa ta halatta da ruwan teku, sai dai ka tafi da darduma da ruwan sha a jaka.

Tsaraba ka nemi kwakwa da man kwakwa da busasshen kifi a kasuwar garin, ka taya sosai. In ba kwana zaka yi ba ka kama hanya tun kafin magariba, don daga Agbara zuwa Mile 2 da daddare ba daɗin bi.