Yadda Ake Zaɓen Sabuwar Ƙota Ga Bindigar Farauta Mai Sakata

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, zare sakata, ka tabbatar babu harsashi a ciki.

Fara da awo, don nan ne aka fi asarar kuɗi. Ɗauki bindigar Remington 700: akwai gajeren gida (ƙarfen da sakata ke shiga ciki) na harsashin .308 Winchester, akwai dogo na .30-06. Tazarar sukurori biyun da ke riƙe ƙarfen da ƙota inci 6.5 ce a gajere, 7.35 a dogo, kuma ƙotar ɗaya ba ta shiga ɗayan. Duba ƙasan kuma: samfurin BDL yana da murfin zubar da harsashi, ADL a rufe yake.

Sai kwarin da bututu ke kwanciya. Idan ƙota tana taɓa bututun, da ya yi zafi harbi zai fara kaucewa. Zura takarda tsakaninsu, ta wuce sumul har kusa da gindin bututun.

Itacen walnat ya fi kyau a ido, amma yana kumbura da damina, saiti ya gurɓace. Ga mai yawon daji, faibagilas mai ƙashin alminiyom a ciki ya fi. Robar nan mai arha kuwa lanƙwashewa take yi a gaba, a guje ta.

Daga kunama zuwa gindin ƙota yawanci inci 13.5 ne. Ɗora ta a kafaɗa da rigar da kake farauta da ita; in sai ka miƙa wuya kafin ka ga madubin saiti, ta yi tsawo.

Ɗaure sukurun gaba kafin na baya, daidai ƙarfin da kamfanin ya faɗa, don matsewa fiye da kima tana murƙushe itace. Sannan ka sake saiti da harbin gwaji.